Ragon 'Yancin Baba Barka

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Daga mahaifinka Garba mai goro a Gaya, zuwa ga ɗana Hamidu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sauke ka Doso lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Uwarka tana gaishe ka. Tun jiya take ƙulla maka yaji da daddawa kamar an ce mata a Doso ba a miya, ka karɓa kawai kada ka yi mata gardama.

Na rubuta takardar nan tun kana gida, zan sa maka ita a aljihu a tasha. Kada ka buɗe sai Gaya ta ɓace muku a baya. Da ajami na yi ta, ina fata lakwal, makarantar Anasara, ba ta cinye maka ɗan abin da malam ya koya maka ba. Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ubanka duk rayuwarsa haka yake yi.

Ragon da aka ɗaure a bayan kamiyo, motar da za ta kai ka, ba guzurinka ba ne, na Baba Barka ne. Shekaranjiya a zaure na gaya maka ina so ka wakilce ni ka 'yanta shi a gaban shaidu. Ka ce wannan zancen tsofaffi ne, doka ta kashe bauta tun ina yawo ba wando, kuma ba zai yi kyau a ji sabon tafintan kumandan, Anasaran da ke mulkin ƙasa, ya tara mutane yana 'yanta bawa ba. Na fusata, na ce lakwal ta mai da kai baƙin Anasara, na ja sandata na bar ka zaune. Ka san halina, bakina ya fi hankalina sauri. Shi ya sa na koma takarda, ita ba ta tsawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan gaya maka abubuwan da na ɓata, in ka gama karantawa ka yi abin da ka ga ya fi.

Kai ka san Baba Barka tsoho ne na gidanmu wanda ya goye ka, ya koya maka iyo a Kwara kamar yadda ya koya mini. Ba ka san yadda ya zo ba, don ba ma faɗa. Daga ƙetaren kogi aka kamo shi, ƙasar Bargu, yana yaro ƙarami, suna korar tsuntsaye a gona shi da uwarsa mahaya suka ɗauke shi. Ubana, kakanka da muke ta yabo, shi ya musanya shi da gishirin Foga. Uwata ce ta sa masa suna Barka. A gidanmu ya girma, a gidanmu aka yi masa aure, ya haifi Tanko da Hajo.

Wata rana muna yara na yi faɗa da Tanko a kan kifi, na ce masa bawa. Uwata ta ji, ta murɗe mini kunne har na ga taurari da rana tsaka. Na ɗauka zagin ne ya ɓata mata rai, ashe kalmar ce ban yi daidai ba. Ta zaunar da ni ta ce bawa shi ne wanda aka kamo ko aka saya, macen kuwa baiwa. Wanda aka haifa cikin gida bacucane ne, ba a sayar da shi, sayar da shi abin kunya ne ga gida duka. Maƙwabtanmu Dandawa suna ce masa horso, Fulani su ce dimajo. Wanda iyayensa suka bari a hannun wani a shekarar yunwa don a ba su hatsi, wannan jingina ne, in suka samu hali suka kawo fansa sai su tafi da abinsu. Bara kuwa da ƙafarsa ya zo, da ƙafarsa zai tafi ranar da ya ga dama. Ta ce Barka bawa ne, Tanko bacucane, kada in kuskura in sake haɗa su.

Na girma ina alfahari da sanin kalmomin nan, ina bambance su kamar yadda nake bambance goro fari da ja. Har na ɗauka wannan sani wani irin kirki ne. Sai da gemuna ya yi fari na lura cewa mu masu gida mu muka yanka kalmomin, mu muka raba wa mutane, ba a taɓa tambayar wanda aka laƙa wa ba. Kai dai ka koye su sosai, domin tafinta ne kai, kuma shari'ar gona da ta gado da ta aure duk da su za su zo gabanka. Amma kada ka yi taƙama da su. Ranar da uwata take karanta mini su, Tanko yana tsaye a bakin ƙofa yana ji, ba wanda ya waiwaye shi.

Kuskurena na biyu a kasuwa na yi shi, ina saurayi mai jin kai. Ka san wasan da ke tsakaninmu Arawa da Fulani, kowa na ce wa ɗan'uwansa bawana, wanda ya fi baki ya ci. Na hango wani da sanda a kafaɗa da malfa, sak Bafulatani, na ɗaga murya na ce bawana ya zo ya ɗaukar wa ubangidansa huhun goro. Ina jiran ya rama da abin da ya fi haka, mu yi dariya in ba shi goro. Sai mutumin ya jingine sandarsa, ya sunkuya ya ɗauki huhun, ya bi ni har rumfa ya sauke. Wani dattijo ya raɗa mini cewa dimajo ne. Na rasa inda zan sa kaina. Na ɗebo goro na miƙa masa, ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, wannan ya fi komai ba ni kunya.

A Doso za ka tarar da irin wasan nan, Zabarmawa ma ba baya ba ne wajen tsiya. Ka sani wasa ne na waɗanda kalmar ba ta taɓa kwana a gidansu ba. Kada ka fara shi da wanda ba ka sani ba, kuma kada ka bi bayan mutum kana tonon asalinsa don ka san ko za ka yi. Ka bari shi ya fara. In ya fara kuwa, kada ka ba ni kunya, ka rama da kyau.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. Lokacin da na gaji gida, kumandan ya zo ƙidayar mutane saboda lanho, harajin Anasara. Ya zauna ƙarƙashin inuwa da babban littafi, tafintansa wani mutumin Dahome yana tsaye. Su Anasara kalma ɗaya nake ji suna zuba wa duk waɗannan mutane, wai kaftif, kuma kowa ya san ba a amsa ta, wanda ya amsa ya jawo wa kansa. Da aka zo kan Barka da 'ya'yansa aka tambaye ni su wane ne, na ce barorinmu ne. Tafinta ya juya, aka rubuta. Na dawo gida ina jin daɗi, har ina gaya wa mutane a gidana babu bawa, ga littafin kumandan shaida.

Bayan shekaru yaƙin Anasara ya tashi, aka matsa wa mutane da aikin tilas na hanya. Mai unguwa ya zo ya ce kowane gida mutum ɗaya. Ni ina nan da ƙarfina, ƙanena Sale yana nan, ƙato ne da ke cin tuwon mutum uku. Amma ko shawara ba mu yi ba, Hamidu, wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Ba wanda ya ce wa za a ba. Kowa ya san Tanko ne, har shi Tankon. Haka aka yi a kusan duk gidajen unguwarmu. Baba Barka ya cire takalmansa na fata ya ba ɗansa, ya raka shi bakin gari.

Tanko ya dawo bayan watanni, tsakar kansa ta sale saboda ɗaukar kwandon marmara, yana tari. Na aika masa da riga sabuwa, ya mayar mini da ita a naɗe yadda na aika. Da ya ji sauƙi ya haye kogi, aka ce an gan shi a hanyar Gwanja. Har yau ko saƙon baki bai aiko ba.

Ka gani, a littafi an sauya kalma, amma hannun da ke miƙa mutum bai sauya ba. Yanzu an hana aikin tilas, sai dai kullum akwai abin da ake neman mutum dominsa, yau soja, gobe wani abu. In aka kawo maka sunaye a biro, ofishin kumandan, kada ka rubuta kamar mai ƙirga awaki. Ka tambaya ɗan wane ne, kuma me ya sa shi aka kawo. In tsohuwa ta tsaya gaban kumandan ta ce ita baiwar gidan wane ce, kada ka gyara mata magana ka ce 'yar aiki don kunnen Anasara ya ji daɗi, kada kuma ka ƙara gishiri. Ka juya abin da ta faɗa, sannan ka tambaye ta me take so a yi mata. Shi kuwa kumandan ka girmama shi, ka yi masa aiki da gaskiya, amma ka tuna zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Bayan tafiyar Tanko, Baba Barka ya koma karatu. Tsoho da furfura ya sayi allo ya zauna gaban malam, mutane na dariya bai kula ba. Wata safiya ya zo rumfata ya zauna a gefen tabarma, ya ce akwai ayarin mutanen Junju da za su Makka a ƙasa, yana so ya bi su. Na ce Allah Ya ba da iko, guzuri a kaina. Ya ce ba guzuri ya kawo shi ba. Malam ya gaya masa wanda ba a kwance ba, ko ya je ya dawo, faralin bai sauka daga kansa ba. Yana so in 'yanta shi yadda ake yi a da.

Kai ba ka taɓa ganin yadda ake yi ba, ni na gani sau ɗaya ina yaro. Ana tara malamai da maƙwabta, mai gida ya tashi ya faɗa da bakinsa cewa ya 'yanta wane don Allah. A yanka rago, a aske wa mutumin kai, a raɗa masa sabon suna kamar jaririn da ya kwana bakwai. Daga ranar ya zama ɗa, yana iya shiga gaba ya ja salla, ba mai ce masa koma baya.

Dariya na yi. Na ce, "Haba Baba, wa ya riƙe ka? Ai Anasara sun kwance kowa tun tuni."

Ya dube ni yadda yake dubana in na yi wauta ina yaro, ya ce, "Garba, ba Anasara sunka saye ni ba. Ubanka yas saye ni, kai ɗai ka iya kwance ni."

Na ce to, a bari in dawo daga fatauci. Na dawo na ce a bari a yi girbi. Aka yi girbi na ce a bari azumi ya wuce. Ayarin Junju ya tafi ya bar shi. Shekara uku ina ja masa rai, shi kuwa ba ya gajiya, bayan 'yan watanni sai ya zo ya zauna a gefen tabarma ya tuna mini cikin ladabi.

Na sha gaya wa mutane tsoron kumandan ne ya hana ni. Akwai wannan, amma kaɗan ne. Gaskiyar ita ce, in na tashi gaban jama'a na ce na 'yanta shi, to na amsa cewa ubana ya sayi ɗan mutane da gishiri, kuma mutumin da ya goye ni dukiyata ne. Ban so in ji wannan daga bakina ba. Akwai kuma wadda ta fi muni. Ina son in riƙa cewa babu bawa a gidana, ina kuma son in tashi da safe in tarar an share zaure an ba dabbobi ruwa ba tare da na ce a yi ba. Duka biyun nake so, na kuwa riƙe su tsawon shekaru.

Abin da ka gaya mini shekaranjiya, Hamidu, shi ne abin da na gaya masa a rumfa, sai dai kai da kalmomin lakwal ka faɗa. Shi ya sa na fusata, muryata na ji a bakinka. In mutum ya ce maka a ɗaure yake, kada ka buɗe masa littafin doka ka nuna masa cewa a sake yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambaye shi inda igiyar take, in a hannunka take ka kwance.

Saura na ƙarshe, wanda aka ɓoye maka. Kana lakwal a Yamai aka yi sunan ƙanwarka Rabi, shekara bakwai ke nan. Da ka zo hutu ka tambayi Baba Barka, aka ce ya tafi wurin 'yarsa Hajo a Doso saboda tsufa. Ba tsufa ya kore shi ba, ni ne.

A al'adarmu ranar suna mutanen gida irinsu Barka su ke fiɗar rago, wuya da ƙafafu rabonsu ne. Shi ya fiɗe ragon sunana, shi ya fiɗe naka. Ran nan da safe zaure ya cika, ga malamai, ga surukaina daga Kamba, ga wani gardi, dogarin kumandan, da na gayyato don a ga ina da mutane. Aka yi addu'a aka faɗi suna. Ina jiran Barka ya fito da wuƙa, sai ga shi da farar riga wankakkiya, hannu ba komai. Ya ratsa mutane ya durƙusa gabana.

Ya ce, "Maigida, ga malamai, ga shaidu. Rago ma na kawo nawa, yana ɗaure bayan ɗaki. Bakinka ɗai ya rage."

Ashe shekara guda yana kiwon rago da harawar da yake tsintowa, don kada in ce hali ne babu. Na ga surukaina sun dubi juna, na ga gardi ya miƙe wuya. Jini ya hau mini ka. Ni da nake yawo ina cewa babu bawa a gidana, na buɗe baki gaban mutane fiye da abin da zaure zai ɗauka na ce, "Tun yaushe bawa yake zaɓa wa ubangidansa rana? Tashi ka fiɗe rago."

Ya tashi. Ya tuɓe farar rigar ya rataye, ya karɓi wuƙa ya fiɗe ragon sunan Rabi tsaf, ko ƙwarzane babu a fatar. Bai ɗauki wuya ba, bai ɗauki ƙafafu ba. Washegari ya shiga mota. Ragonsa ya bar mana a ɗaure. Na kasa yanka shi, na kasa sayarwa, a turke ya tsufa ya mutu, kullum na shiga gida sai mun haɗa ido.

Magana zarar bunu ce, wannan kowa ya sani, ni ma na sani ranar, sanin bai hana ni ba. Shawarar da zan ba ka a nan gajeriya ce. In ka ji kunya ta kama ka gaban mutane, to a lokacin ne bakinka ya fi haɗari, domin za ka nemi wanda ya fi ka rauni ka sauke masa. Ka tashi ka fita, ko a ce ba ka da ladabi. Jinina ke jikinka, na ga yadda kunnuwanka ke rawa in an taɓa ka.

Sau da yawa na yi niyyar zuwa Doso, girman kai ya riƙe mini riga. Watan jiya wani mai mota ya kawo labari cewa Baba Barka ya kwanta, idonsa ya tafi, sai an ɗaga shi an zaunar. Ni kuma ga ƙafar nan da kurkunu ya kama, ko masallaci sai an ɗora ni a jaki. Juma'ar da ta wuce, kana can kana sallama da abokanka, na sa aka kai ni. Bayan an sallame na dafa bango na miƙe, na faɗa wa jama'a cewa Barka da ubana ya saya na 'yanta shi don Allah, shi da zuriyarsa, kuma abin da na faɗa masa ranar sunan Rabi zalunci ne. Da yawa daga waɗanda suka ji zagin suna nan. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun yi murmushi, baffanka Sale ya ce na tozarta kabarin ubanmu, har yau ba ya gaishe ni.

Liman ya ce a littafi magana ta ƙare, tun daga wannan sa'a Barka ɗa ne, ko da rago ko babu. Na yarda da liman, amma liman littafi ya sani, ni kuwa Barka na sani. Da kunnensa ya ji zagin, gaban mutane. Dole da kunnensa zai ji wannan, gaban mutane, daga bakin jinin wanda ya saye shi. Ba ni da wanda zan aika sai kai.

Gidan Hajo yana bayan kasuwa, mijinta magini ne, kowa ya san shi. Ka fara zuwa can kafin ka nemi masauki. Ka gaishe da Baba a durƙushe kamar yadda ka saba. Ka gaya masa abin da aka yi a masallacin Gaya, kada ka rage. In ya yarda, ka kira limamin unguwa da maƙwabta da wanzami, ka tashi tsaye ka ce kai wakilin ubanka ne, ubanka ya 'yanta shi don Allah. A yanka ragon. Da hannuna na yi kiwonsa, ka gaya masa haka. Fiɗa kuwa kai za ka yi. Na san ba ka iya ba, za ka huda fatar wuri goma, ba komai, kada ka bari Hajo ko 'ya'yanta su taɓa wuƙar.

Tsoronka ba na banza ba ne, ban ce ƙarya kake ba. Doso gari ne mai kunnuwa, ana iya kai wa kumandan cewa gidan sabon tafintansa suna riƙe da bawa har bana. Ana iya kiranka a tambaye ka, ana ma iya ba wani kujerar da ka sha wahalar shekaru kafin ka samu. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya yadda take, ka ce laifin ubanka ne kake wankewa. In sun kore ka, rumfar goro tana nan, ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. Na san faɗar haka ya fi mini sauƙi fiye da yadda jinsa zai yi maka. Ban kuma tilasta ka ba, na tilasta wa mutane abin da ya ishe ni. In ka ga ba za ka iya ba, ka ba mai mota ragon ya dawo mini da shi, in sa a ɗora ni a kamiyo da ƙafar nan ko za ta ruɓe a hanya. Ba zan zage ka ba, ko na zage ka ba zai wuce kwana biyu ba.

Yana iya ƙi. Yana iya juya fuska ya ce ya daina bukata, ko ya ce ina muke shekara bakwai. In ya faɗi haka yana da gaskiya. Kada ka yi masa bayani, kada ka kare ni, kada ka ce ai Baba ba shi da lafiya. Ka saurara har ya gama, ka bar wa Hajo ragon, ka rubuto mini abin da ya ce kalma da kalma, ko mai ɗaci ne. Aikinka ke nan dama, juya magana ba tare da ka sa mata zuma ba.

In kuwa ya yarda aka zo raɗa suna, kada liman ya zaɓa, kada kai ka zaɓa. Uwata ta zaɓa masa sau ɗaya ba ta tambaye shi ba, ya isa. Ka sunkuya kusa da kunnensa ka tambaye shi sunan da yake so, ko na littafi ne, ko wanda uwarsa take kiransa da shi a gonar can, in yana tune. Shekara hamsin da wani abu na yi da mutumin nan, a bayansa na yi barci, a hannunsa na koyi tuƙa jirgi, ban taɓa tambayarsa ba ko sau ɗaya. Ka rubuto mini sunan da manyan baƙaƙe, idona ya fara rauni. Kwanakin nan in na idar da salla na ɗaga hannu zan roƙa masa sauƙi, sai in tuna sunan da ke bakina shi ne wanda aka sa masa ranar ciniki, sai in sauke hannun ban ce komai ba.

Ka gaishe da Hajo da mijinta da yaransu, ka ce uwarka tana gaishe su. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, kada ka sha ruwan da ba ka ga rijiyarsa ba. Allah Ya kiyaye ka a tafiya da zama, Ya rufa maka asiri, Ya ba ka harshe mai gaskiya da zuciya mai sanyi fiye da ta ubanka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka duba igiyar ragon duk inda kuka tsaya, ka ba shi ruwa. In kun isa kada ka ce sai ka huta.

Allah Ya sa ka same shi da rai.

Ni ne mahaifinka,
Garba.